Bayani kan busarwa da gyaran gashi mai lanƙwasa

Masu gashi mai lanƙwasa, maza da mata, sun daɗe suna kokawa da matsala guda: gashin da ya kwanta luf sa'ad da yake jiƙe, da zarar ya bushe sai ya tashi ya yi buzu-buzu.

Masu magana da Ingilishi na kiran wannan yanayi da suna frizz, kuma kamfanonin kayan kwalliya sun gina babbar kasuwa a kan alkawarin magance shi.

To sai dai binciken masana ya nuna cewa tushen al'amarin ruwa ne. Gashi yana riƙe siffar da ya bushe a cikinta, don haka abin da aka yi masa tsakanin jiƙewa da bushewa ya fi tasiri a kan tsadar man da aka shafa masa.

Asalin lanƙwasa

Kowane silin gashi yana tsirowa ne daga wani ɗan rami a cikin fatar kai. Idan ramin miƙaƙƙe ne, gashin kan fito a miƙe. Idan kuwa ya karkace kamar ƙugiya, to gashin zai riƙa murɗewa yayin da yake ƙara tsawo.

Idan aka yanka silin gashin mutumin gabashin Asiya aka duba da madubin likita, za a ga bakinsa kusan da'ira ne. Na akasarin baƙar fatar Afrika kuwa ya fi kama da ƙwai da aka ɗan danne, kuma a duk inda silin ya murɗe akwai wuri mai rauni da kan iya tsinkewa.

Wannan halitta tana da amfaninta. A shekarar 2023 wasu masu bincike na Jami'ar Jihar Pennsylvania a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Tina Lasisi, sun ɗora gashi iri daban-daban a kan wani mutum-mutumi mai auna zafi, suka haska masa fitilu masu kwaikwayon rana. Sun gano cewa gashi mai ƙananan nannaɗe ya fi kowanne kare fatar kai daga zafin rana.

Sai dai kuma lanƙwasar ba ta zo a ɓagas ba. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana saurin gangarowa a kan miƙaƙƙen gashi, amma a kan mai murɗe-murɗe da ƙyar yake kaiwa baki, abin da ya sa irin wannan gashi yake yawan bushewa.

Bugu da ƙari, wani bincike da likitar fata 'yar Afrika ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2000, ya nuna cewa gashin 'yan Afrika yakan ƙulle kansa da kansa fiye da na sauran jinsuna nesa ba kusa ba, kuma akasarin abin da ke zuba a lokacin taza karyayyen gashi ne, wanda ya tsinke a tsakiya.

Ɗauri iri biyu

Akasarin jikin gashi wani furotin ne mai suna keratin, wanda shi ne kuma ke cikin farce da ƙaho da kofato. Zaruruwan wannan furotin suna riƙe da juna ta hanyar ɗauri iri-iri, amma biyu daga ciki ne suka shafi wannan batu.

Na farko ɗauri ne mai ƙarfi da sinadarin farar wuta ke haɗawa. Ruwa ba ya kwance shi. Shi ne ke riƙe da ainihin siffar gashin da aka haifi mutum da ita, kuma shi ne man miƙar da gashi, wato rilaksa, yake tsinkawa.

Na biyu shi ne ɗaurin haidurojin, mai rauni amma mai ɗimbin yawa. Da zarar ruwa ya shiga gashi sai wannan ɗauri ya kwance, idan gashin ya bushe kuma sai ya sake ƙulluwa a daidai yanayin da ya tarar da silin.

Wannan ne dalilin da ya sa macen da ta yi kitso da ɗanyen gashi, in ta tsefe bayan ya bushe za ta ga sawun kitson ya zauna daram, amma wanka ɗaya ya isa ya shafe shi.

Gashi na iya shan ruwan da ya kai kimanin kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa, kuma ba sai an zuba masa ba: yana zuƙar laimar da ke cikin iska. An san da haka tun tuni. A shekarar 1783 wani masani ɗan birnin Geneva, Horace-Bénédict de Saussure, ya ƙera ma'aunin laimar iska da silin gashin mutum, saboda gashin yana ƙara tsawo idan iska ta yi laima, ya koma idan ta bushe. An ci gaba da amfani da ire-iren wannan ma'auni a tashoshin duba yanayi har cikin ƙarni na 20.

A gashi mai lanƙwasa, kyan gani yana samuwa ne idan silaye masu yawa suka haɗu suka bi lanƙwasa ɗaya. Ruwa ne ke manne su tare. Idan aka bar su suka bushe a haka, za su zauna a tare. Idan kuwa tawul ko mataji ko yatsu ko iskar na'ura suka raba su kafin su bushe, to kowane sili zai kama gabansa, ya kuma daskare a inda ya nufa. Buzu-buzu ke nan.

Akwai kuma batun ɓawo. Bayan kowane sili a lulluɓe yake da wasu ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar na kifi, hawa shida zuwa goma, bakinsu na fuskantar ƙarshen gashin. Idan sun kwanta, gashi kan yi santsi da sheƙi. Idan zafi ko sinadari ko guga suka ɗaga su, sai silaye su riƙa sarƙewa da juna, laima kuma ta riƙa shiga da fita yadda ta ga dama.

Gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai, don haka ɓawon da ya kankare ba ya komawa. Man da ake tallatawa da sunan gyara lalataccen gashi, abin da yake yi shi ne like ramukan na ɗan lokaci.

Gashi suna ya tara

Rabe-raben gashin da aka fi sani a yau ya samo asali ne daga Andre Walker, wanda ya kasance mai gyaran gashin shahararriyar mai gabatar da shirin talabijin ɗin nan ta Amurka, Oprah Winfrey. A wani littafi da ya fitar a 1997 ya kasa gashi gida huɗu: na 1 miƙaƙƙe, na 2 mai igiyar ruwa, na 3 mai lanƙwasa, na 4 mai ƙananan nannaɗe. Kowane gida kuma yana da rassa da ake wa lamba da haruffa, shi ya sa ake ganin 3B ko 4C a jikin kwalabe.

Ba kowa ne ya gamsu da tsarin ba. Masu suka na cewa bai yi la'akari da kaurin sili ko saurin shan ruwansa ba, kuma kai guda kan iya ɗaukar iri biyu ko uku. Masu bincike na kamfanin L'Oréal na Faransa sun fitar da nasu rabon a 2007, inda suka auna lanƙwasar gashin mutane daga ƙasashe da dama suka kasa shi gida takwas.

Ko da wane ma'auni aka bi, akasarin Hausawa suna ɓangaren ƙananan nannaɗe ne, yayin da ake yawan samun gashi mai sakakkiyar lanƙwasa a tsakanin Fulani, Larabawan Shuwa da Buzaye. Bambancin yana da muhimmanci, domin da yawa daga cikin shawarwarin da ke yawo an tsara su ne domin gashin gida na 2 da na 3.

Tsarin Lorraine Massey

Mutumin da aka fi dangantawa da hanyar zamani ta kula da irin wannan gashi ita ce Lorraine Massey, wata mai gyaran gashi haifaffiyar Leicester a Ingila, wadda ta yi suna a birnin New York. A shekarar 2001 ta wallafa littafi mai suna Curly Girl, wanda ya zama madogara ga ɗimbin mata a Amurka da Turai.

Ginshiƙan tsarinta su ne a guji shamfu mai sinadarin salfet, wanda ke sa kumfa mai yawa yana kuma kwashe maiƙo, a guji man da ke ɗauke da silikon ɗin da ruwa ba ya wankewa, a daina sa buroshi a busasshen gashi, a daina goge kai da tawul mai kaushi, sannan a nisanci ƙarfen miƙar da gashi. Ta kuma shahara da yanke gashi a bushe, lanƙwasa bayan lanƙwasa, domin ɗanyen gashi yana ɓoye ainihin tsawon da zai koma.

Shawarwarinta game da tawul da buroshi da zafi sun yi daidai da abin da kimiyya ta tabbatar. Inda ake taƙaddama shi ne wanki. Wasu mabiyan tsarin sun daina amfani da shamfu kwata-kwata, suna wanke kai da man laushi kawai, wato kwandishina. Likitocin fata na gargaɗin cewa hakan kan bar dattin mai da gumi su taru a fatar kai, abin da ke iya tsananta amosani da ƙaiƙayi. Silikon ma da ake gudu, masana haɗa kayan kwalliya na ganin yana cikin abubuwan da suka fi rage guga da kare gashi daga zafi. Laifinsa kawai shi ne yana buƙatar a wanke shi da kyau.

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka na bai wa masu gashin baƙar fata shawarar su wanke kai sau ɗaya a mako, ko sau ɗaya a mako biyu, su kuma sa man laushi a duk wanki.

Sabulu da karkashi

Abin da aka wanke kai da shi yana da tasiri a kan ɓawo. Fatar kai da gashi suna da ɗan tsami a halittarsu: fatar tana wajen 5.5 a ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya. Sabulun wanka na dunƙule kuwa yakan kai 9 zuwa 10, kuma sabulun salo da ruwan kanwa duk suna wannan ɓangaren na sama.

Wani nazari da likitoci a Birazil suka wallafa a 2014, wanda ya auna shamfu iri-iri da ke kasuwa, ya yi bayanin cewa abin wankin da ya yi sama a wannan ma'auni yana ƙara guga tsakanin silaye, wanda ke kai ga lalacewar ɓawo da tashin gashi. Idan kuma ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishirin ƙasa ne, sabulun kan bar wani farin dafi a jikin gashin da ke sa shi ƙarfi.

A nan hikimar iyaye mata ta riga kamfanoni. Ganyen karkashi da ake jiƙawa a wanke kai da shi a ƙasar Hausa, wanda matan Chadi ma ke amfani da shi, yana fitar da yauƙi mai sa silaye su zame wa juna. Wannan santsin shi ne ainihin abin da ake biyan kuɗi a saya a kwalbar man laushi.

Game da shafa mai kafin wanki, wani bincike da aka yi a Indiya, aka kuma wallafa a 2003, ya kwatanta man kwakwa da man fure mai bin rana da kuma man da ake tacewa daga fetur, ya gano cewa man kwakwa ne kaɗai ya rage zubar furotin daga gashi, saboda yana iya ratsawa cikin silin. Yana da kyau a san cewa masu binciken ma'aikatan kamfanin Marico ne, wanda ke sayar da man kwakwa.

Daga jiƙewa zuwa bushewa

An saba jin cewa bai kamata a taje ɗanyen gashi ba domin ya fi rauni. Wannan gaskiya ne ga miƙaƙƙen gashi. Ga mai ƙananan nannaɗe kuwa, gwaji ya nuna akasin haka: ruwa yana sassauta lanƙwasar, mataji ya wuce da ƙarfin da bai kai na busasshen gashi ba.

Saboda haka masu sana'ar kan raba kai gida huɗu ko fiye, su cika kowane kashi da man laushi, su fara warware cukurkuɗewa da yatsu, kana su bi da mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa tushe. Wannan ita ce taza ta ƙarshe. Bayan an ɗauraye, mataji ya gama aikinsa.

Mataki na gaba shi ne wanda mutane da yawa ke kuskurewa. Ana shafa man da ake bari a kai da kuma jel ne tun gashin yana ɗigar ruwa, kafin tawul ya taɓa shi, domin a lokacin ne silaye suke haɗe. Ana shafawa da tafin hannu biyu daga sama zuwa ƙasa, sannan a tallabo bakin gashin a matsa shi sama zuwa fatar kai, a saki a hankali.

Aikin jel shi ne ya yi wa kowace lanƙwasa wani siririn kwanso da zai riƙe ta har ta bushe, ya kuma rage saurin shigar laima daga baya. Gashin kan yi ƙarau kamar an sa masa sitati, abin da ke tsorata wasu su ɗauka sun ɓata shi. Ba a fasa wannan kwanso sai gashin ya bushe sarai. Daga nan a ɗiga mai kaɗan a tafin hannu a matsa shi, sai ya yi laushi lanƙwasar kuma ta zauna.

Tawul ɗin wanka na yau da kullum yana da ƙananan madaukai da ke kama silaye su raba su, musamman idan aka cuɗa kai da shi. Tsohuwar riga mai laushi ta auduga, ko tawul mai lallausan zare, sun fi dacewa, kuma matsawa ake yi ba gugawa ba. Masu dogon gashi kan shimfiɗa rigar, su sunkuya su tara gashin a tsakiyarta, su ɗaure na minti 10 zuwa 20 domin ta tsotse ruwan ba tare da nauyinsa ya ja lanƙwasar ƙasa ba.

Daga nan sai haƙuri, wanda shi ne mafi wuya. Duk taɓawar da aka yi wa gashin da bai gama bushewa ba tana raba wasu silaye da 'yan uwansu.

Iska ko na'ura?

Mutane da dama na ɗaukar cewa barin gashi ya bushe da kansa ya fi kowace hanya lafiya. Wani bincike da likitocin fata na Jami'ar Yonsei a Koriya ta Kudu suka wallafa a 2011 ya sa an sake duba wannan zato.

Masu binciken sun yi ta wanke gashi suna busarwa ta hanyoyi daban-daban. Na'urar da aka riƙe a nisan santimita 15 ta kai zafin gashin digiri 47 a ma'aunin Celsius, a santimita 10 ya kai 61, a santimita 5 kuwa ya kai 95. Kamar yadda aka zata, ɓawon ya fi lalacewa gwargwadon ƙaruwar zafi. Abin mamakin shi ne, gashin da aka bari ya bushe da kansa ne kaɗai ya nuna lahani a wani sashe na ciki da ke manne ƙwayoyin silin, wanda suka danganta da daɗewar da ya yi a jiƙe.

Sun kammala da cewa busarwa daga nisan santimita 15, ana motsa na'urar ba tsayawa, ta fi barin gashi ya bushe da kansa ƙarancin lahani. Bincike ne guda da aka yi a ɗakin gwaji, amma darasinsa a fili yake: zafi mai yawa illa ne, daɗewa a jiƙe ma illa ne.

Matsalar na'ura ga gashi mai lanƙwasa ita ce ƙarfin iskarta, wadda ke watsa silaye. Maganin hakan wani kwano ne mai huji-huji da 'yan yatsu da ake maƙalawa a bakinta, ana kiransa difyuza, wanda ke baza iskar ta fito a hankali. Ana sa na'urar a ƙaramin zafi da ƙaramar iska, a fara da tushen gashi, a zuba bakin a cikin kwanon a ɗaga zuwa kai, a ɗan jira, sannan a kashe kafin a matsa gaba. Na'urar zama ta shagon gyaran gashi, wadda ake kifawa a kai, ita ma tana yin wannan aiki tunda ba ta kaɗa gashin.

Abin da likitoci suka yi ittifaƙi a kan haɗarinsa shi ne ɗora ƙarfe mai zafi a kan gashin da bai bushe ba. Wasu daga cikin waɗannan ƙarafa na kaiwa digiri 230. Ruwan da ke cikin silin kan tafasa ya yi kumfa a ciki, gashin ya riƙa karyewa a wuraren.

Gashi mai ƙananan nannaɗe

Hanyar wanka da jel da sakin gashi ta fi karɓar gashin gida na 3. A gida na 4, inda lanƙwasar ke da ƙanƙanta ƙwarai, gashi kan tsuke idan ya bushe har ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka, kuma barinsa a sake na nufin ƙarin ƙulli a baki.

Don haka a nan dabarar ita ce a ba gashin siffar da zai bushe a ciki. Ana murɗa shi biyu-biyu ko a yi kalaba tun yana da danshi, a bar shi ya bushe sarai, sau da yawa har kwana, sannan a warware da yatsu masu ɗan mai. Wanda ya yi gaggawar warwarewa alhali cikin kitson da sauran danshi, aikin banza ya yi.

Kitson zare, wanda aka sani a ƙasar Hausa da ƙasar Yarabawa da Ghana tun kafin zuwan na'ura, yana miƙar da gashi ta wannan hanya ba tare da zafi ba. A 'yan shekarun nan mata baƙar fata a Amurka da Birtaniya sun rungume shi.

Man kaɗanya da man shanu da sauran mayuka ba sa sanya wa gashi ruwa. Rufe wanda ke ciki suke yi. Shi ya sa ake fara jiƙa gashin, kana a bi da mai. Labta mai a busasshen gashi na sa shi sheƙi, amma ƙishinsa na nan.

Kitso kuma yana da nasa haɗarin idan ya yi tsauri. Binciken da Khumalo ta jagoranta a yankin Cape Town, wanda aka wallafa a 2007, ya samu zubewar gashi sakamakon ja a kashi 17.1 cikin ɗari na 'yan mata 'yan makaranta, da kashi 31.7 na manyan mata da aka duba. Haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai tsauri a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Kitson da ke hana barci ko ya fito da ƙuraje a gaban goshi ya wuce ƙima, kuma idan aka daɗe ana yi ramukan gashin kan mutu, ba ya sake tsirowa.

Damina, hunturu da ɗankwali

A yankin Sahel gashi na fuskantar yanayi biyu masu karo da juna. A tsakiyar damina iska cike take da laima, gashi ya zuƙa ya kumbura, abin da aka gyara da safe ya warware kafin azahar. A nan jel mai riƙo da ɗan mai a sama ne ke taimakawa.

A lokacin hunturu kuwa laimar iska a wurare irin su Kano da Damagaram kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Gashi kan bushe ƙayau, ya riƙa karyewa, guga da tufafi kuma ta haifar da ɗan lantarkin da ke sa silaye su ture juna. Masu sana'ar na ba da shawarar a ƙara man laushi, a rage yawan taza, a kuma ajiye gashin a kitso mai sassauci.

Ga matan da ke rufe kai, batun bushewa ya fi muhimmanci. Ɗanyen gashin da aka ɗaure wa ɗankwali ko aka sa wa hijabi yakan daɗe bai bushe ba, ya daskare a danne, ɗumi da danshin kuma su dace da ƙwayoyin da ke haddasa amosani. Hular ciki ta siliki ko satin ta fi ta auduga rage guga, kuma irinta ake so a kwana da ita, ko a sa wa matashin kai riga mai santsi.

Wankan ibada ma na sa kai ya riƙa jiƙewa fiye da sau ɗaya a mako. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa ba a wajabta wa mace tsefe kitsonta domin wankan janaba ba, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta tafi a kan haka. Malamai na sharɗanta cewa ruwa ya kai ga fatar kai. Abin da ya rage bayan wankan shi ne a matse kitson da ƙyalle mai laushi, a ba shi lokaci ya sha iska kafin a rufe.

Komawa ga gashin asali

Sha'awar da ake nunawa ga waɗannan dabaru na da nasaba da yadda mata da dama ke barin rilaksa. Man miƙar da gashi ya fara shiga kasuwa ne a Amurka a farkon ƙarni na 20, kuma nau'insa mafi ƙarfi na ɗauke da sodar nan da ake haɗa sabulu da ita.

A watan Oktoban 2022 masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka suka wallafa sakamakon bibiyar mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11. Sun ƙiyasta cewa kashi 1.64 cikin ɗari na matan da ba su taɓa amfani da sinadaran miƙar da gashi ba za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, yayin da adadin ya kai kashi 4.05 a tsakanin masu amfani da su fiye da sau huɗu a shekara. Binciken ya nuna alaƙa ce, bai tabbatar da cewa sinadaran ne musabbabi ba, kuma cutar ba ta cika yawa ba.

Batun ya shiga siyasa ma. A watan Agustan 2016 ɗalibai baƙar fata a wata makarantar sakandaren 'yan mata da ke Pretoria sun yi zanga-zanga kan matsin da suka ce ana yi musu su miƙar da gashinsu. A 2019 kuma jihar Kalifoniya ta zama ta farko a Amurka da ta kafa dokar haramta nuna wariya a wurin aiki da makarantu saboda gashin asali ko kitso.

Wadda ta daina sa rilaksa takan zauna da gashi iri biyu a kai guda: sabon toho mai nannaɗe a tushe, tsohon miƙaƙƙe a baki, kuma mahaɗarsu ce wurin da ya fi saurin tsinkewa. Ɓangaren da sinadari ya taɓa ba ya komawa yadda yake, sai dai a yanke shi gaba ɗaya ko a riƙa datsewa sannu a hankali. Ma'aunin da masu bincike suka yi ya nuna cewa gashin 'yan Afrika na tsawo da ƙasa da santimita ɗaya a wata, don haka sauyin kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu.